Ta Hannun Mai Akwati 417

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma ƙafar da ta ƙi zama wuri ɗaya tun ranar da abin ya faru, Malam Saleh Ɗangoggo na Kurudu, tare da maiɗakinsa Hajiya Zulai, wadda yara da manya suke kira Umma, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar amininsu, Akwatin Gidan Waya Mai Lamba 417. Ya rasu ranar Juma'a, 28 ga Satumba, 2012, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, a jikin bangon ƙaramin gidan wayan nan na bayan kasuwa, inda ya yi shekara ashirin bai gusa ko taku ɗaya ba. Ya rasu cikinsa wayam, ko takardar talla babu, kuma wannan shi ne abin da ya fi ci wa Malam Saleh tuwo a ƙwarya.

An haifi marigayin, wato an miƙa makullinsa, a shekarar 1992, lokacin da aka kwaso ma'aikatu daga Legas aka jibge su a Abuja tun gari bai gama zama gari ba. A lokacin Malam Saleh ƙaramin akawu ne mai ɗaki ɗaya a Karu, da mata ɗaya, da yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, da rigar ofis biyu. Ya cike fom, ya kai hoto, ya yi zarya sau biyar, sannan aka damƙa masa makulli biyu a zare ɗaya. Marigayin ba wani babba ba ne. Faɗinsa tafin hannu, zurfinsa kamu ɗaya, yana layi na uku daga sama, daidai ƙirjin mutum mai matsakaicin tsawo. Amma ranar da Malam Saleh ya fara rubuta lambarsa a saman takarda, sai da ya tsaya ya dube ta, don a ranar ne ya ji cewa shi ma mutumin Abuja ne.

Waɗanda suka san marigayin sun shaida ba shi da yawan magana. Kalma biyu ya iya. In an murɗa makulli ya ce ƙyas, in an ja ƙofa ya ce ƙiit. Sai dai Malam Saleh ya rantse cewa ƙiit ɗin iri biyu ce: in akwai wasiƙa a ciki, a gajarce yake faɗinta, kamar mai sauri ya ba da albishir; in babu kuwa, sai ya ja ta, ƙiiiit, kamar mai ba da haƙuri. Madam Catherine, ma'aikaciyar da ta yi shekara goma sha bakwai a bayan kantar wurin, ta sha gaya masa tsatsa ce kawai, a ɗiga mai ta wuce. Bai taɓa yarda an ɗiga ba.

Babban halin marigayin, wanda ko maƙiyinsa ba zai musa ba, shi ne zama wuri ɗaya. A garin da komai yake tashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malam Saleh ya tashi daga Karu ya koma Lugbe, inda ya lallaɓa ya gina ɗaki uku da hannunsa. Aka wayi gari da jan fenti a bango, bayan wata biyu motar rusau ta zo ta mai da gidan fili. Ya kama haya a Kuchigoro, maigidan ya ga gari ya yi albarka ya ce yana son abinsa. Daga nan sai Kurudu, bayan injin niƙa, inda yake har yau. Gida huɗu, maƙwabta kashi huɗu, hanyar ofis kashi huɗu. Duk wannan shawagi da ake yi, 417 yana nan inda aka bar shi. Ko lokacin da yake Lugbe, Malam Saleh yakan keta gari tun daga wancan bakin zuwa wannan, mota uku, don kawai ya ji wace ƙiit za a yi masa.

Hali na biyu shi ne karamci. Duk wanda ya zauna a Kurudu ya san gidajenmu ba su da lamba, layukanmu ba su da suna. In za ka kwatanta gidanka sai ka ce a wuce mai faci, a bar cocin nan mai shuɗin kwano a dama, a tambayi mai ƙosai. Ba a rubuta haka a bayan ambulan. Saboda haka mutane suka riƙa zuwa wurin Malam Saleh suna roƙon aron adireshi, shi kuma bai iya cewa a'a ba, ko da yake yakan yi mita. Sai a rubuta sunan mutum, a ƙasa a sa “ta hannun Malam Saleh Ɗangoggo”, sannan lambar marigayin. Zacharias mai walda ta nan yake samun wasiƙun ƙanwarsa daga Kafanchan. Malamin firamare ta nan takardar ƙarin girmansa ta zo. Ƙungiyar mawaƙan coci da kwamitin masallacin layi sun sha haɗuwa a cikin wannan ɗan rami, ambulan kan ambulan, ba a taɓa jin kansu ba. A lissafin Madam Catherine, mutum arba'in da ɗaya ne suke numfashi ta hancin akwatin nan. Ran Asabar Malam Saleh yakan cika aljihun babbar riga da wasiƙu ya bi gida-gida yana rabo, yana faɗin shi fa ba masinjan kowa ba ne, yana kuma shan ruwan kowane gida.

Ba a yi wa mamaci ƙarya, don haka dole a faɗi ɗaya ɓangaren. Marigayin yana da nawa, nawa irin wadda take sa mai haƙuri ya yi zagi. Katin gayyatar ɗaurin aure ya taɓa isowa cikinsa ana saura kwana biyu sunan ɗan fari. Takardar kiran 'yar Zacharias zuwa ganawar neman aiki ta zo bayan an yi ganawar, an ɗauki waɗanda za a ɗauka, har sun karɓi albashin farko; yarinyar ta yi kuka, ubanta ya yi wata guda ba ya gaida kowa. Da damina ruwa yakan bi bango ya jiƙa masa ciki, tawada ta narke, sai a karanta rabi a cinki rabi. Ɓeraye sun san ɗanɗanon gam ɗin kan sarki. Ma'aikatan wurin kuma, ban da Madam Catherine, in sun fita cin abinci ƙarfe sha biyu sai dai a yi musu addu'a. Malam Saleh da bakinsa ya sha cewa da gidan wayan nan na mutum ɗaya ne mai jin zafin dukiyarsa, da ba a yi wannan sakaci ba. A riƙe wannan magana, za a dawo kanta.

Marigayin ya rasu ya bar makulli biyu, ɗaya a aljihun Malam Saleh, ɗaya a bakin zanen Umma, ko da yake ba ta taɓa zuwa ta buɗe ba. Ya bar Madam Catherine, wadda aka ce ta jira takardar canjin wurin aiki, ba ta kuma san ta wane akwati za ta zo ba. Ya bar mutum arba'in da ɗaya ba adireshi. Maƙwabtansa na jini, 416 da 418, rana ɗaya suka tafi tare da shi. Sannan ya bar wasiƙu goma a cikin wata tsohuwar kwalla a ɗakin Umma, waɗanda saboda su ne ake wannan sanarwa, don in ba su ba, Malam Saleh ba mutumin da zai tara jama'a a kan guntun ƙarfe ba ne.

Wasiƙun na Nazeer ne, ɗansu na fari, yaron nan da aka zo da shi Karu yana ɗan shekara goma sha ɗaya. A farkon 2002, yana shekarar ƙarshe a jami'a, ya dawo gida Lugbe ya ce ya bar karatu, shi injin jirgin ruwa yake son koya. Malam Saleh, wanda ya riga ya gama bin manya yana durƙuso don a ajiye wa yaron gurbi a ma'aikata, ya ji kamar an mare shi a gaban jama'a. Magana ta yi tsawo, murya ta hau. A ƙarshe ya nuna masa ƙofa, ya ce tunda ya zaɓi ya zama ɗan tasha, to kada ya ƙara kiransa uba, kada kuma ya ƙara jingina sunansa da nasa, ko a baki ko a takarda. Nazeer ya ɗauki jaka ya fita. A lokacin wayar hannu sai manya, gidan babu mai ita. Gidan da ya bari ya zama fili, maƙwabtan da ya sani sun watse. Abu ɗaya tak ya tafi da shi a ka wanda har makon jiya yake nan, shi ne lamba 417.

Bayan shekara guda, makonni kaɗan da wucewar Babbar Salla, marigayin ya yi gajeriyar ƙiit. Ambulan ce mai kan sarkin Kwatano. A bayanta an rubuta: “Hajiya Zulai, ta hannun mai Akwati 417.” Yaron ya bi umarni sau da ƙafa, ko harafi ɗaya na sunan uban bai rubuta ba. Babu adireshin mai aikowa. Tun daga nan, duk bayan Babbar Salla sai ɗaya ta zo, wani lokaci da mako uku, wani lokaci da shida. Kan sarkin yana canzawa, Kwatano, Lome, Duwala, Libarabil, Duwala kuma, amma rubutun bayan ambulan bai taɓa canzawa ba, kuma ba a taɓa samun inda za a mai da amsa ba.

Umma ba ta yi boko ba. Alƙur'ani ta sauke, ajami kuma tana rubuta shi kamar ɗinki, amma haruffan Bature ba su shiga kanta ba. Don haka Malam Saleh ne yake karanta mata. A tsaye yake karantawa, daga bakin ƙofa, da muryar da yake karanta rahoton taro a ofis, don kowa ya san shi hannu ne kawai, wasiƙa ba tasa ba ce. In ya gama sai ya ninke ya miƙa mata, ya ce yaron nan har yau bai iya magana da mace ba. Da gaskiyarsa ta wani ɓangaren, don bayan gaisuwar layi biyu, sauran duk labarin gadoji ne, da yadda ake sauke kaya a tashar jirgi, da ƙarfe nawa ma'aikatan gwamnati suke tashi a can, da abin da rediyonsu yake faɗi game da Nijeriya. Umma takan saurara tana tsince shinkafa. A wasiƙa ta goma, ta bara, bayan sa hannu akwai wani ɗan layi a ƙasa: “A gaida mai makulli.” Malam Saleh ya karanta shi da sauri kamar mai tsallake kwata, ya yi tari, ya ninke takarda. Kowa ya san abin da ake cewa in an aiko wa mutum gaisuwa, amma shi bai ce ba, ya sa takalmi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Ciwon ajalin marigayin ya daɗe yana cin sa a hankali. Tun da wayar hannu ta shiga aljihun mai faci da mai ƙosai, wasiƙu suka fara ja da baya. Gari ya cika da kuɗi, benaye suna tsirowa, kowa yana sauri, masu babura masu akwati a baya suna kai saƙo cikin yini ɗaya. Sai aka fara jin wata kalma a ofisoshi, cefanarwa. Da can mun san cefane da kayan miya, tattasai da daddawa, sai ga shi ana cefanar da kamfanoni da ma'aikatu. Aka kafa kwamiti a kan ƙananan gidajen waya, aka kuma rasa wanda za a naɗa magatakarda sai Malam Saleh, saboda kyan rubutunsa da kuma saura masa shekara biyu ya yi ritaya, ba zai kawo rigima ba.

Nan ne inda abin yake masa zafi, ya kuma ce a rubuta shi yadda yake. Ba tilasta masa aka yi ba. Ya zauna a ƙarshen tebur yana jin masu jawabi, yana gyaɗa kai da gaske. Ya tuna shekara bakwai da ya yi yana jiran a ja masa wayar tarho ta gwamnati ba a ja ba, ga shi yau 'yan kasuwa sun sa masa waya a aljihu. Ya tuna kukan 'yar Zacharias. Da wani dattijo a kwamitin ya tambayi yadda za a yi da mutanen da ba su da lambar gida, aka yi dariya aka ce ai Abuja tsararren gari ne, Malam Saleh ma ya murmusa, alhali da safen nan ta bayan injin niƙa ya fito. Da hannunsa ya rubuta shawarar cewa a fara gwaji da wasu ƙananan rassa, a ba 'yan kasuwa su gudanar. Bai tambayi waɗanne rassa ba. Ya ɗauka irin waɗannan abubuwa a kan wasu suke faɗawa.

A watan Yulin bana ya zo duba marigayin ya tarar da takarda manne a bango. An ba wani kamfani mai suna Ƙifta Ido ginin. Za a cire akwatuna a ƙarshen Satumba a sa kanta da kwamfuta, saƙo kuma har ƙofar gida za a riƙa kai wa mutum. Ya karanta sau biyu, ya ga har da wata jimla da ya gane tasa ce, ko waƙafi ba a canza ba. Ya ƙirga a yatsu: Babbar Salla sai ƙarshen Oktoba, wasiƙar Nazeer kuma sai Nuwamba ko farkon Disamba.

Daga ranar Malam Saleh bai ƙara zama ba. Ya je wurin manajan kamfanin, wani matashi mai fara'a da ake kira Mista Simon, wanda ya ba shi kujera da ruwan sanyi da fom. Fom ɗin yana son lambar gida da sunan titi. Malam Saleh ya rubuta bayan injin niƙa, kwamfuta ta ƙi karɓa. Ya yi bayanin “ta hannun”, ya ce mutum arba'in da ɗaya ne, Mista Simon ya juya allon kwamfutar ya nuna masa da alƙalami cewa babu gurbin wannan. Ya hau mota zuwa babban ofis a cikin gari, aka ce mai sa hannu ya tafi taro. Ya koma, aka ce fayil yana sama. Ya hau sama, aka ce ya sauko. Ya rubuta takardar koke mai shafi uku, ya kai wa daraktan da ya shugabanci kwamitin, shi kuma ya karanta ya dube shi ta saman tabarau ya tambaye shi ko ba shi ne ya rubuta rahoton ba. Ya roƙi a bar akwati ɗaya tak a bango, ko a bayan gini ne, ko a jikin bishiya. Ya rame, ya daina gama tuwonsa, in ana magana da shi sai a ga yana lalubar aljihu yana taɓa makulli. Takalminsa na ofis, wanda ya yi shekara shida lafiya, a wata biyun nan ya buɗe baki.

A faɗi gaskiya, kamfanin ba na banza ba ne. Tun kafin su gama shiga ginin, wata mata ta aika wa ɗanta magani Fatakwal ya isa a kwana biyu, abin da marigayin bai taɓa yi ba ko a mafarki. An share wurin, an sa fanka, ba mai fita cin abinci ya ɓace. Wanda yake da gida mai lamba a Maitama ko Gwarinpa ya samu abin da ya daɗe yana nema. Mu na bayan injin niƙa ne ba a san inda za a sa mu ba. Abin da Malam Saleh ya iya samowa bayan duk wannan zarya bai taka kara ya karya ba: motar buhun wasiƙu za ta ci gaba da zuwa Talata da Juma'a da ƙarfe goma na safe, a zazzage, duk wadda ba ta da titi da lamba a mai da ita buhu, motar ta koma da ita a take. Wadda ba ta da adireshin mai aikowa kuma, ba wanda ya iya gaya masa inda take ƙarewa. Mista Simon ya rage murya ya ce masa, “Baba, ni ba zan iya ajiye shi ba, system ba zai yarda ba. Amma in kana nan lokacin da za a buɗe buhu, ka ga naka, ni ban gani ba.”

Ranar Juma'ar ƙarshe, Malam Saleh ya taso daga masallaci kai tsaye ya nufi wurin. Ma'aikata sun riga sun fara daga layin sama, suna kwance ƙofofi suna jefawa a baro. Ya ce su dakata. Ya sa makulli, marigayin ya ce ƙyas. Ya ja ƙofa, ya ce ƙiiiit, doguwa, wadda ta fi kowace tsawo. Malam Saleh ya san babu komai, lokaci bai yi ba, amma sai da ya zura hannu har gwiwa ya shafa bango huɗu. Madam Catherine ta fito daga bayan kanta, ta karɓi sukundireba a hannun ma'aikacin, ta kwance 'yar ƙofar da kanta, ta goge lambar da bakin gyalenta, ta miƙa masa. Ta ce, “Oga Saleh, riƙe shi. Yaro naka zai rubuta, ni na san hannu nashi, ko a ina na gan shi zan kira ka.” Ya karɓa da hannu biyu, ya gyaɗa mata kai.

Ya isa gida rana ta yi sanyi, ya tarar da Umma a tsakar gida ta fito da kwallar, ta jera wasiƙun goma a kan tabarma. Ya ajiye 'yar ƙofar kusa da su. Daga tsaye ya ce ta yafe masa, da hannunsa ya toshe mata hanyar ɗanta, sau biyu ke nan, na farko da baki, na biyu da alƙalami. Umma ba ta ɗago ba. Ta ɗauki wasiƙa ɗaya ta juya ta, ta ajiye.

“Malam, wa ya koya wa Nazeer ajami?”

Ya ce ita ce.

“To da ni yake rubuta wa, da wane rubutu zai yi? Ya san ban iya boko ba. Ni ina ruwana da gada, ina ruwana da ƙarfe nawa ake tashi daga ofis? Shekara goma yaron nan yana zaune yana ba ka labari, kai kana tsaye a bakin ƙofa. Ni ce ta hannun, Malam, ba kai ba.”

Malam Saleh ya zauna a kan tabarmar, abin da bai taɓa yi ba in wasiƙun suna waje. Ya ɗauko ta farko, mai kan sarkin Kwatano, ya fara karantawa a zuci, leɓensa yana motsi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya ga inda yaron ya ce injiniyan da yake koya masa aiki mutum ne mai faɗa amma ba ya ƙarya, ya ga inda ya ce ya ci jarrabawar samun takardar shaida, har yaron ya ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar. Shekarar da ya karanta wannan a bakin ƙofa, cewa ya yi takardar banza ce. Da ya kai ta goma, ya iso ɗan layin ƙasa, sai ya kasa ninke ta. Ya yi kuka, kuka na sosai, irin wanda bai yi ba ranar da aka rushe masa gida. Umma ta bar shi ya yi, ta tashi ta ɗora ruwan alwala.

Game da jana'iza, ga yadda aka tsara. Ba za a yi wanka ba, ba za a yi sutura ba, don gangar jikin marigayin tana cikin bango an shafe ta da siminti an yi mata fenti ruwan ɗorawa. 'Yar ƙofarsa kawai aka samu, ita kuma ba za a binne ta ba. Ba za a yi zaman makoki a gida ba, kada kowa ya wahalar da kansa neman bayan injin niƙa. Za a yi zaman ne a gaban tsohon gidan wayan, ƙarƙashin bishiyar dalbejiya, a kan bencin da Zacharias ya haɗa ya kawo kyauta, duk Talata da Juma'a daga ƙarfe tara na safe har motar buhu ta zo ta tafi. Malam Saleh ya shiga hutunsa na kafin ritaya, yana da lokaci. Za a gan shi da 'yar ƙofa mai lamba 417 a kan cinya. Mutum arba'in da ɗayan nan, duk wanda yake jiran takarda ya ba shi sunansa, zai duba masa. Ba a sa ranar tashi ba, babu sadakar uku, babu ta bakwai, babu ta arba'in. Za a tashi ne ranar da aka ga ambulan mai kan sarkin waje. Masu zuwa ta'aziyya kada su ce masa ya yi haƙuri ya koma gida, an gwada.

A ƙarshe, iyalan suna roƙon duk wanda wannan sanarwa ta isa gare shi, musamman direbobin manyan motoci da fatake masu bin Kwatano, Lome, Duwala da Libarabil. In Allah ya haɗa ku da wani dogon mutum ɗan shekara talatin da ɗaya, mai tabo a girar hagu, mai aikin injin jirgi, wanda in an tambaye shi sunansa yake cewa Nazeer kawai, ba ya ƙara sunan uba, ku gaya masa akwati ya rasu. Ku gaya masa gidan yanzu yana Kurudu, a wuce mai faci, a bar coci mai shuɗin kwano a dama, ƙofa koriya bayan injin niƙa. Ku ce sunansa Nazeer Saleh Ɗangoggo, ya rubuta shi duka, a baki da a takarda. Gaisuwar da ya aiko bara kuma ta iso, an yi jinkiri ne irin na gidan waya. Ku ce masa mai makulli yana amsawa.